Yadda Za Ka Ba da Hayar Ɗaki Guda a Sakkwato Ka Ɗauki Nauyin Haɗa Manhajar Waya

Matashin da ke da tunanin haɗa manhajar waya a Sakkwato yakan cije ne a wuri ɗaya, wato wajen kuɗi. Bashin banki akwai ruwa a kansa, kuma ko bankin da ba ya karɓar ruwa da wuya ya zuba kuɗinsa a abin da bai wuce zane a takarda ba. 'Yan uwa kuwa sun fi gane jarin shago ko na babur a kan jarin abin da ba a taɓa shi da hannu. Amma a gidaje da yawa, daga Mabera zuwa Arkilla, daga Runjin Sambo zuwa Gwiwa, akwai ɗaki guda da aka mayar ma'ajiyar tsofaffin katifu da buhunan gero, ko shagon samari da yake rufe tun ranar da mai shi ya yi aure ya tashi. Wannan ɗaki yana iya ɗaukar nauyin manhaja, bisa sharaɗi ɗaya da zan yi ta komawa kansa: kuɗin haya ƙayyadadde ne, sau ɗaya yake zuwa a shekara, saboda haka manhajar ce za a yanka daidai da ɗakin. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Mataki na farko: tabbatar kana da ikon bayar da ɗakin

Kafin ka kira magini ko dillali, ka tambayi kanka ko ɗakin na wane ne. Idan gidan gado ne da ba a raba ba, to kowane magaji yana da haƙƙi a cikin kuɗin hayar gwargwadon rabonsa, har da 'yan uwanka mata da ke gidajen aurensu, har da marayu ƙanana waɗanda ba a yafe dukiyarsu a madadinsu. Kasancewar kai ne kake zaune a gidan kuma kai kake gyara shi ba ya mayar da kuɗin naka kai kaɗai. Abin yi shi ne ka tara su, ka faɗi abin da kake nufi, sannan a zaɓi ɗaya cikin uku: ko manya su yafe maka rabonsu na shekara guda, ko su ba ka shi rance, ko su shiga a matsayin masu hannun jari a manhajar. Duk wanda aka zaɓa a rubuta shi, domin abin da aka yafe da baki yau, ranar da manhaja ta fara kawo kuɗi za a sami mai cewa shi bai tuna ba.

Idan gidan mahaifinka ne kuma yana raye, maganar ta fi sauƙi, amma kada ka je masa da sunayen na'urori. Ka same shi bayan sallar isha'i ka ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ɗakin ƙofar gida nake neman izini in gyara in saka ɗan haya na shekara ɗaya, in yi jari da kuɗin." Tambayar da zai yi maka ba ta wuce biyu ba: wane ne zai shiga, kuma ta wace ƙofa zai riƙa bi. Ka tanadi amsarsu tun kafin ka zauna. Haka nan uwargida ko mahaifiya, domin su ne za su yini da baƙon a bayan katanga alhali kai kana waje. Wanda kuma shi kansa haya yake zaune, ba shi da damar saka wani sai da iznin mai gidan a rubuce, in ba haka ba yana iya rasa ɗakin da gidan gaba ɗaya.

Mataki na biyu: duba ɗakin da idon wanda zai biya

Abu biyu ne ke yanke hukuncin ko ɗaki zai hayu a gidan iyali a garin nan: ƙofa da bayan gida. Ɗakin da ƙofarsa ke kallon waje ko ke cikin zaure, wanda mai shi zai shiga ya fita ba tare da ya ratsa tsakar gida ba, shi ne ɗakin haya. Wanda yake can ƙuryar gida kusa da madafa, mace kaɗai za a iya sakawa, ita ma sai matan gidan sun aminta da ita. Idan babu makewayi na daban, gina ɗan ƙarami a gefe shi ne gyaran da ya fi kowane daraja, domin yana ɗaga kuɗin hayar kuma yana kashe rabin rigingimun da za su taso.

Sai zafi. Wanda bai san Sakkwato ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne, amma daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yakan haura 40, kuma ɗakin kwano marar silin yakan zama tanda. Ka shiga ɗakin da ƙarfe biyu na rana, ka rufe ƙofa, ka zauna minti goma. Idan ka fito rigarka ta jiƙe sharkaf, to ɗan hayarka ma haka zai fito, kuma ba zai sabunta ba. Silin, da taga ta biyu da ke fuskantar ta farko domin iska ta ratsa, da fanka mai aiki da batir ko sola, sun fi tayil da fenti mai ƙyalli amfani nesa ba kusa ba. Ka sa a hau rufin a duba yoyo tun kafin damina ta sauka a watan Yuni, ka ƙwanƙwasa katakon ƙofa da na taga ka ji ko gara ta cinye cikinsu, ka sa raga saboda sauro, ka canza kwaɗo.

Wuta da ruwa su ne tushen yawancin faɗan mai gida da ɗan haya. Ni kaina na taɓa saka wani bisa cewa za mu riƙa raba kuɗin wuta kashi uku, shi ɗaya mu biyu, sai ga shi ya shigo da murhun lantarki da abin dafa ruwa, katin da ke kai mu wata ya koma ƙarewa a kwana goma sha biyu, muka yi wata uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ƙaramar mita da mai wayarin zai ɗaura wa ɗakin shi kaɗai ita ce maganin wannan, kowa ya biya abin da ya sha. Ruwa kuwa, idan gidan na dogara ne da 'yan garuwa, a bar ɗan haya ya sayi jarkokinsa da kansa; idan akwai rijiyar burtsatse, a ƙayyade abin da zai riƙa bayarwa na man janareto ko gyaran famfo.

Ƙa'idata a nan ita ce kada gyara ya ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na hayar shekarar farko, sai fa idan makewayi za a gina, wanda shi jari ne na shekaru. Mutum yakan shiga gyara da niyyar shafe bango, ya fito ya kashe kuɗin manhajar duka a kan ɗakin.

Mataki na uku: zaɓen wanda zai shiga

Sakkwato gari ne na makarantu da asibitoci, kuma daga nan mafi yawan masu neman ɗaki guda suke fitowa. Akwai ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da na Jami'ar Jihar Sakkwato, da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Akwai sababbin likitoci da ma'aikatan jinya da ke aikin sanin makama na shekara guda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Akwai masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda ke fitowa daga sansanin Wamakko bayan mako uku suna neman inda za su ajiye jaka. Akwai kuma ƙananan ma'aikata da aka yi wa canjin wurin aiki suka bar iyalinsu a wani gari.

Kowane rukuni da halinsa. Ɗalibi yakan biya ne da kuɗin iyaye, kuma zamansa yana bin kalandar makaranta. Wanda ya ga yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, ya san ɗaki yana iya zama a kulle da kayan mutum a ciki, ga wa'adi ya ƙare, ga mai kayan yana garinsu. Saboda haka da ɗalibi a rubuta cewa haya tana tafiya ne da watanni, ko ana karatu ko ba a yi. Mai yi wa ƙasa hidima, a ganina, shi ya fi dacewa da wannan shiri, domin zamansa kusan shekara ɗaya ne, alawus ɗinsa yana shigowa duk wata, kuma ranar tafiyarsa sananniya ce, ba sai an kai ruwa rana wajen tashinsa ba. Sai dai da yawansu daga kudu suke, addini da al'ada sun bambanta, don haka adalci shi ne a gaya masa dokokin gidan filla-filla kafin ya biya ko sisi. Ma'aikacin asibiti kuma yana da aikin dare, zai dawo ƙarfe biyu ko ya fita da asuba, don haka sai ɗakin da ke da ƙofarsa.

Hayar kwana-kwana irin ta manhajar Airbnb ba na ba da shawararta a gidan da iyali suke. Baƙo sabo kowane mako yana nufin sabon bincike kowane mako, da wankin zannuwa, da amsa waya, kuma lokacin da za ka kashe a nan shi ne lokacin da manhajarka take buƙata.

Duk wanda ka zaɓa, ka nemi katin shaidarsa na ɗan ƙasa mai lambar NIN, da shaidar makaranta ko wurin aiki, da mutum ɗaya sananne a cikin gari wanda zai tsaya masa. Kada ka wadatu da lambar wayar mai tsayawar, ka taka ka je ka gan shi, zuwa da kai ya fi aike. Sannan ka kai ɗan hayar wurin mai unguwa ka gabatar da shi: "Ranka ya daɗe, ga baƙon da zai zauna a wurina, ga inda yake aiki." Da yanayin tsaron da yankin nan yake ciki, wannan kariya ce gare ka, kariya ce kuma ga baƙon kansa ranar da wani zai tambayi daga ina ya fito.

Mataki na huɗu: farashi da takarda

Farashi ba a zaune ake yanke shi ba. Ka zaga layinku da layuka biyu na kusa, ka tambayi abin da ake biyan ɗaki irin naka, mai makewayi da marar shi, ka tsaya a tsakiya. Ɗakin da aka tsawwala wa kuɗi ya yi wata uku a rufe ya yi asarar rubu'in shekara, asarar da ta fi ragin da aka ƙi yi. Dillali yana hanzarta samun mutum, kuma la'adarsa galibi kashi 10 cikin 100 ce, amma a fayyace tun farko ko wa zai biya ta, kuma kada ka bar masa zaɓen mutumin, domin shi la'ada yake nema, kai kuma maƙwabci kake nema.

Malamanmu na Malikiyya sun shardanta cewa a haya dole kuɗin ya zama sananne, wa'adin ma sananne, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Duk da haka za ka ga mutane suna jin nauyin fito da takarda, wai kada a ce ba su yarda da mutum ba. Ka fito da ita. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa ko da Turanci ko duka biyun, a rubuta sunayen ɓangarorin biyu, da ɗakin da ake magana a kai, da kuɗin da ranar da aka biya, da ranar shiga da ranar fita. A rubuta wanda zai gyara abin da ya lalace: rufi da bango da wayarin na mai gida ne, ƙwan fitila da kan famfo da abin da ɗan haya ya fasa da hannunsa nasa ne. A rubuta maganar baƙi, da lokacin rufe ƙofar gida, da ƙarar kiɗa, da cewa ba zai saka wani a ɗakin ba sai da izninka. A rubuta tsawon sanarwar tashi, domin idan takarda ta yi shiru, abin da aka saba bi a kotunan Najeriya shi ne wata shida ga mai hayar shekara-shekara, wata ɗaya ga mai hayar wata-wata. Shi ya sa ya fi kyau a rubuta wa'adi ƙayyadadde na shekara ɗaya, wanda ba ya sabunta kansa sai an sake sabuwar takarda. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa, ka ba shi rasit, sannan ka ɗauki hotunan ɗakin da wayarka a gabansa ranar da ka miƙa makulli.

Mataki na biyar: raba kuɗin tun ranar da suka shigo

A nan ne mafi yawan masu wannan shiri suke faɗuwa, kuma ba ɗan haya ke kayar da su ba. Kuɗin shekara ya shigo dunƙule, sai ga sunan ɗan wa, ga maganin tsohuwa, ga ragon layya, kowace buƙata da hujjarta, kafin wata biyu babu ko kwabo. Saboda haka ka buɗe asusu na daban wanda babu abin da zai shiga ko ya fita daga cikinsa sai harkar ɗaki da manhaja. Mai gudun ruwa yana da bankuna irin su Jaiz da TAJ. Katin wannan asusu kada ya zauna a aljihunka.

Mu ɗauki misali, lambobin na kwatance ne kawai, kai za ka sa naka. A ce an biya ka naira 180,000. Gyara ya ci 45,000, saura 135,000. Ka ware 30,000 ka ajiye ba za ka taɓa ba, domin ɗakin yana da haƙƙi a kanka har ƙarshen wa'adi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ranar da iska ta yaye kwano a watan Yuli ba za ka ce wa ɗan haya kuɗinsa suna cikin manhaja ba. Wannan ajiya ita ce kuma za ta taimaka idan dalili ya sa dole a rabu kafin lokaci, ka mayar masa da na watannin da bai zauna ba. Abin da ya rage wa manhaja 105,000 ne, wato 8,750 a wata.

Ka kalli wannan adadi da kyau. Ba zai biya ƙwararren mai rubuta manhaja albashin ko wata ɗaya ba. Abin da zai iya shi ne sayen data, da kuɗin rajistar ɗora manhaja a Google, da kuɗin mota zuwa wurin masu gwaji, da cajin kwamfuta ko gyaran batirinta, da ɗan abin hasafi ga wanda zai taya ka. Wanda ya gane haka tun yau zai tsara aikin da zai kammalu. Wanda bai gane ba zai zana manhaja mai sassa goma, kuɗi su ƙare a sashe na biyu.

Mataki na shida: yanke manhajar daidai aljihu

Ka rubuta a jimla ɗaya abin da manhajar za ta yi da wanda za ta yi wa. Misali: manhajar da mai shago zai riƙa rubuta bashin abokan cinikinsa da Hausa, ta nuna masa wanda ya biya da wanda ya rage. Kafin a rubuta komai a kwamfuta, ka zana fuskokinta, wato shafukan da za a riƙa gani a allon waya, a takarda, ko a Figma, manhajar zane wadda ke da tsarin kyauta, ka shiga babbar kasuwa ka zauna da masu shago goma ɗaya bayan ɗaya, ka ce, "Alhaji, ga wani abu ina so ka duba mini, in ka ga ba shi da amfani ka gaya mini gaskiya." A irin wannan zama ne za ka ji abin da ba za ka taɓa tunaninsa a ɗaki ba: wani ya fi sakewa da ajami a kan boko, wani yaronsa ne ke riƙe da wayar, wani kuma abin da ya dame shi shi ne kada littafin bashinsa ya salwanta kamar yadda dukiya ta salwanta a gobarar kasuwar ta Janairun 2021, don haka ajiyar bayanai a intanet ita ce abin da zai iya biya dominsa.

Ka fara da Android kaɗai. Wayoyin da ke hannun mutanenmu galibi Tecno ne da itel da Infinix, da yawansu masu ƙaramin wurin ajiya, saboda haka manhajar ta zama marar nauyi, kuma ta iya aiki ko babu sabis, ta aika bayanan daga baya idan ya dawo. Bambancin kuɗin ma a fili yake: Google yana karɓar dala 25 sau ɗaya tak wajen buɗe asusun masu ɗora manhaja, Apple kuwa dala 99 yake karɓa duk shekara, kuma haɗa manhajar iPhone yana buƙatar kwamfutar Mac. Idan aka yi aikin da kayan haɗa manhaja irin su Flutter na Google ko React Native na Meta, rubutu ɗaya zai iya hawa iPhone daga baya ba tare da an sake shi daga tushe ba. Wajen ajiyar bayanai, Firebase yana da tsarin kyauta da zai ɗauki masu amfani na farko. Abin da za ka yi hattara da shi shi ne tura lambar tantancewa ta saƙon tes, domin kowane saƙo kuɗi ne, kuma yana iya cinye kasafin wata cikin 'yan kwanaki. Ka kuma gwada cewa haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa daidai a kowace fuska.

Mataki na bakwai: wanda zai rubuta ta

Idan kai ne za ka rubuta da kanka, to kuɗin haya sun saya maka data da natsuwa, kuma wannan ita ce hanyar da lissafin ya fi fita. Idan ba ka iya ba, ɗaliban kimiyyar kwamfuta na shekarun ƙarshe da waɗanda suka sami horo a 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani, suna neman aikin da za su nuna a matsayin shaidar ƙwarewarsu, kuma ana iya daidaitawa da su a kan kuɗi kaɗan haɗe da kaso a cikin ribar manhajar. Kason nan ma a rubuta shi, a faɗi nawa ne, kuma me zai faru idan ɗaya ya janye.

Kada ka biya kuɗin aiki duka a farko. Ka raba shi gida uku ko huɗu: kafin alƙalami kaɗan, sannan wani kaso ranar da ka ga fuskokin suna motsi a wayarka, wani ranar da aka ajiye bayani aka sake buɗe shi, na ƙarshe ranar da manhajar ta hau Play Store, kasuwar manhajojin Android ta Google. Wani abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne mallaka. Asusun Google, da na Firebase, da ma'ajiyar rubutun manhajar a GitHub, duk a buɗe su da imel ɗinka da lambar wayarka, kai ne za ka gayyaci mai aikin ya shigo. Na ga wanda ya bar wa mai aiki ya buɗe komai da sunansa, suka saɓa a kan cikon kuɗi, mai aikin ya kashe waya, shi kuma ya wayi gari ba shi da iko ko da canza harafi ɗaya a manhajar da ya biya.

Wani tunani da ke zuwa wa mutane shi ne su ba mai rubuta manhajar ɗakin kyauta a madadin ladansa. Yana yiwuwa, amma ka san ka haɗa alaƙa biyu a igiya ɗaya, ranar da aiki ya tsaya ba za ka iya matsa masa ba tare da maganar tashi ta shigo ba. Idan har za a yi, a yi takarda biyu, ta haya daban da kuɗinta, ta aiki daban da nata.

Mataki na takwas: ɗora ta a Play Store

Ka tambayi bankinka ko katinka yana biyan dala a intanet kafin ranar rajista, kuma sunan da ke katin shaidarka ya yi daidai da wanda ka shigar, domin Google yana tantance mai asusun. Asusun mutum ɗaya da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamban 2023 ba ya samun damar sakin manhaja ga kowa da kowa sai ya yi gwaji da keɓaɓɓun mutane na kwana 14 a jere. Da farko mutum 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. Masu shagon nan da ka zauna da su tun farko su ne farkon masu gwajinka, shi ya sa yake da kyau ka riƙe lambobinsu, ka kuma gayyaci fiye da adadin da ake nema saboda wani zai canza waya ko ya goge manhajar a tsakiya. Za a nemi ka sa bayanin yadda kake tattara bayanan mutane da abin da kake yi da su, kuma wannan ba sharaɗin Google kaɗai ba ne, Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Manhajar da ke riƙe da sunayen mutane da bashin da ake bin su amana ce babba, kada a tattara abin da ba a buƙata.

Idan lokacin karɓar kuɗi ya zo, abin da aka sayar na cikin manhajar ta hanyar Google, kamar kuɗin shiga na wata-wata, Google yana cire kashi 15 cikin 100 ga ƙananan masu manhaja. Kuɗin kaya ko na hidimar da ake yi a zahiri kuwa ana iya karɓarsu ta kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave, kuma a nan ne rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC take da amfani. Ba na ganin dalilin kashe kuɗin wannan rajista kafin a sami mutum na farko da ya ce zai biya.

Mataki na tara: zaman wata na tara

Wata uku kafin wa'adin haya ya cika, ka ɗauko littafin asusun da takardar yarjejeniya ka zauna. Ka duba mutum nawa ne suka buɗe manhajar a makon da ya wuce ba tare da ka kira su ka tuna musu ba, domin yawan waɗanda suka sauke ta don kara ba ya nuna komai. Ka duba nawa ya rage a asusu, ka tuna cewa manhajar da ta hau Play Store tana da kuɗin riƙo, tunda kowace shekara Google yana buƙatar a daidaita ta da sababbin nau'o'in Android, kuma tsarin kyauta na ajiyar bayanai yana da iyaka. Sannan ka tambayi mutanen gida yadda suka ji zama da baƙon, su ma suna da ƙuri'a.

Idan akwai masu amfani na gaskiya kuma gida lafiya, ka sanar da ɗan hayar a rubuce cewa kana son sabuntawa, ka faɗi farashin shekara mai zuwa tun yanzu domin ya shirya. A wannan karon babu kuɗin babban gyara, saboda haka kason manhaja zai ƙaru. Idan mai hidimar ƙasa ne zai tafi, ka roƙe shi ya haɗa ka da wani daga rukunin da ke shigowa, ka bi da sabon ta duk matakan bincike kamar na farko. Idan kuma manhajar ba ta karɓu ba, ka kwafe rubutunta da bayananta ka adana, ka sanar da masu amfani da ita wata guda kafin ka rufe domin su kwashe lissafinsu, ka biya waɗanda suka ba ka rabonsu rance daga hayar shekara ta biyu, sannan ka ba ɗan hayar amsa a kan ko zai ci gaba da zama kafin watan goma ya kama.